Fanken tuffa mai sukari a baya: wajensa na ƙonewa, cikinsa ɗanye

Maman Husna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu hannu a harkar fulawa ku taimaka mini. Ƙanwar maigidana ce ta dawo daga karatu a Amurka, tun zuwanta ba ta da zance sai na wani irin fanke da ake sayarwa a shagunan donot na can. Akwai gutsattsarin tuffa da kirfa a cikinsa, bayansa kuma an lulluɓe shi da farin sukari da ya ƙame, in ka ciza sai ya fashe ƙaras. Ta nuna mini hotonsa a waya. Ba shi da wata siffa, duk ƙulu-ƙulu ne, amma yadda take ba da labarinsa sai da yawuna ya tsinke. Na yi mata alkawarin zan yi ranar Juma'a da za su zo gaisuwa tare da Hajiyarsu.

Ga yadda na gwada. Fulawa gwangwani biyu, sukari rabin gwangwani, ƙwai biyu, madarar gari cokali uku na dama da ruwa, bekin foda, kirfa. Tuffa ja na saya, irin mai zaƙin nan da ake jerawa a tire a bakin titi, na feraye na yanka girman dunƙulen magi, na juye a kwaɓin. Na riƙa ɗiba da ludayi ina sakawa a mai.

Waje ya yi duhu nan da nan, da na fasa sai ga kwaɓi ɗanye zagaye da tuffar. Na rage wuta, sai ya sha mai, in ka matsa har tsiyaya yake. Sukarin kuwa da na dama na zuba a kai, ɓacewa ya yi, fanken ya jiƙe sharkaf yana manne wa hannu. Tuffa ta yi tsada yanzu, ba abin da za a yi ta zubarwa ba ne. Ina gyaran yake?

Anti Mai Cincin:

Wa alaikumus salam Maman Husna. Kwantar da hankalinki, Juma'a da saura. Matsalolin nan uku da kika lissafa, ta ɗanyen ciki daga ruwan tuffa ta fito. Tuffa kusan duk ruwa ce, fiye da kashi 80 cikin 100. Da zafi ya taɓa ta sai ta fara sakin ruwan nan cikin kwaɓin da ke jikinta, shi ya sa daidai wurin ne kika gani bai nuna ba. In yankan ya yi girma, ruwan ya yi yawa, zafin kuma bai kai tsakiya ba kafin baya ya ƙone.

Yanka ta ƙanana, girman ƙwayar gyaɗa ko ɗan fiye kaɗan. Kada ki gurza, gurzawa ta fi komai fitar da ruwa. Ki matsa lemun tsami rabi a kai don kada ta yi baƙi, ki barbaɗa kirfarki, sai ki shimfiɗa a tsaftataccen ƙyalle ki ɗan daddanna ya tsotse danshin. Kafin ki juye a kwaɓi, ɗebi cokali guda daga fulawar da kika auna ki barbaɗa mata ki jujjuya. Fulawar nan ce take sa kwaɓin ya riƙe tuffar, ba ta zamewa ta faɗa cikin mai tana fallatsi.

Sannan sukarinki ya yi yawa. Rabin gwangwani ga madarar gari kuma, dole ya yi saurin duhu, domin su biyun ne ke kawo jan nan a suya. Tunda za ki lulluɓe bayansa da sukari, ciki ba ya bukatar zaƙi sosai. Ga awon da nake yi wa masu oda:

Fulawa kofi ɗaya da rabi, a tankaɗe. Sukari babban cokali 3. Bekin foda ƙaramin cokali 2. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Kirfa ƙaramin cokali 1, gyaɗar ƙamshi ɗan kaɗan in kina so. Ƙwai 2, madara sulusin kofi, narkakken bota babban cokali 1. Tuffa manya 2.

Haɗa busassun a kwano ɗaya, masu ruwan a wani, sai ki haɗe su ki juya da cokali har garin ya ɓace kawai. A nan mata da yawa ke faɗawa, don hannunmu ya saba da bugun fanke, inda ake bugawa har sai kwaɓi ya yi yauƙi. Wancan na yis ne. Wannan na bekin foda ne, in kika buga shi zai yi tauri yana jan haƙori. Ko kin ga 'yan gudaji ki ƙyale su. Kaurinsa kuma, ya zama in kin ɗaga cokali sai ya tsaya tukuna ya faɗo tim, ba ya zuba. Kada ki ajiye shi ya jira, ki ɗora mai kafin ki haɗa, don yana zama tuffar na ƙara tsinka shi.

Ki ajiye ludayin nan. Babban cokali biyu ya isa guda ɗaya. Da kin saka a mai, sa bayan cokali ki ɗan danna shi ya baje, kaurinsa kada ya wuce yatsa biyu a kwance. Mulmulalle ba ya nuna a ciki. Minti biyu zuwa uku kowane gefe. Na farko da kika tsame ki fasa shi ki duba kafin ki ci gaba, shi zai gaya miki ko wutar ta yi.

Batun sukarin baya, ki bar shi ya huce kamar minti biyar a kwando, ya zama da ɗumi amma kina iya riƙe shi a hannu. Da zafinsa kika zuba, tururin ya narkar da shi.

Ummu Safwan, daga jihar Ohayo ta Amurka:

Sallama Maman Husna. Anti ta gama magana a kan na gida, ni dai zan ƙara abin da na gani a nan. Wanda ƙanwar mijinki ta ci a shago, kusan tabbas na yis ne. Kwaɓin donot suke yi, ya tashi, su murza shi ya yi faɗi, su shimfiɗa tuffar da aka riga aka dafa da kirfa da sukari, su ninke, sannan su sassare shi da wuƙa gunduwa-gunduwa, su tattara su dunƙula, su bar shi ya sake tashi kafin suya. Saran nan ne ke ba shi ƙulu-ƙulun da kika gani a hoto, kuma a lungunan nan sukari ke taruwa ya ƙame. Yana cin lokaci, rabin yini ne. Matan nan in za su yi a gida, yawanci irin na Anti suke yi. Ki gaya wa ƙanwar taki tun da wuri cewa ɗanɗanon zai zo ɗaya amma laushin ya ɗan bambanta, kada ta ga kamar kin gaza.

A nan abin na kaka ne, watan Satumba da Oktoba, lokacin da tuffa ke nuna. Gonaki na buɗe wa mutane su shiga su tsinka da kansu su biya, a ƙofar gonar kuma sau da yawa akwai rumfar da ake soya irin waɗannan abubuwa da zafinsu. Yarana ba sa yarda shekara ta wuce ba mu je ba.

Abin da zan roƙe ki shi ne ki canza tuffar. Nemi koriyar nan shar mai tsami, Granny Smith. Asalinta daga Ostireliya ne, sunan wata tsohuwa manomiya aka sa mata, wadda ta same ta a gonarta kusa da Sidni a 1868. Naman jikinta na da ƙarfi, ba ta narkewa a wuta, tsaminta kuma shi ke karya zaƙin sukarin baya. Ja mai zaƙi in ta haɗu da sukari, guda ɗaya za ki ci ya ginshe ki. Yawancin tuffar da ake kawowa Najeriya daga Afirka ta Kudu take, kuma koriyar na ciki. Da na zo gida na gan ta a kasuwar 'Yan Lemo, kwali-kwali. Ki kula dai, akwai wata mai kore-kore da ɗorawa-ɗorawa, Golden Delicious, ita zaƙi gare ta kuma ta fi laushi. Danna da babban yatsa, in ta lotsa ta daɗe a ajiye, cikinta ya zama gari-gari, ki bar musu.

Zafin mai a littattafan girkin nan digiri 350 suke rubutawa a ma'auninsu, wato kusan 175 zuwa 180 a ma'aunin da muka saba.

Baban Walid:

Hajiyoyi ku yi haƙuri na shigo zancen mata, amma na daɗe ina aiki a gidan burodi, suyar donot ce aikina na asuba. Ina tare da Anti a komai sai abu guda. Ni ba na saka tuffa ɗanya. Bota cokali guda a kasko, a zuba yankakkiyar tuffar da kirfa, a juya minti uku zuwa huɗu a wuta mai ƙarfi har ruwan ya ƙone, amma kada ta yi lugub. A juye a faranti ta huce sarai. Ruwan da zai ɓata kwaɓi ya riga ya tafi, ƙamshin kirfa kuma ya shiga jikinta.

Malama, rage wutar da kika yi ne ya sa ya sha mai. Mai in bai yi zafi ba, babu tururin da zai riƙa fitowa daga kwaɓin yana tura shi baya, sai ya shige ciki. In ba ki da ma'auni, ɗiga ɗan kwaɓi. Ya ɗan nutse ya taso nan take yana kumfa a hankali, to ya yi. Ya zauna a ƙasa shiru, da saura. Ya yi ja kafin ki ƙifta ido, ko mai na hayaƙi, sauke ya ɗan huce. Tukunya mai kauri ta fi kasko sirara, mai ya kai zurfin yatsa guda a tsaye, kuma kada ki cika ta, uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Kwaɓi sanyi gare shi, yana da yawa zafin man ya faɗi. Tsakanin kowane zubi ki tsame ɓurɓushin, ki ba man ɗan lokaci ya dawo.

Ki kuma tabbata bekin foda kika saka ba soda ba, don a kasuwa ana ƙulla su a leda iri ɗaya. Soda tana sa saurin duhu da ɗanɗanon kanwa. Zuba rabin cokali a ruwan zafi, bekin foda mai rai zai taso da kumfa fuu. A janye yara daga kicin lokacin suya, tuffa na sa mai fallatsi.

Maman Husna:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi. Zan nemi koriyar gobe in sha Allah, kuma ina ganin hanyar Baban Walid zan bi tunda ruwan ne ya wahalar da ni. Anti, saura sukarin. Ni sukarin shayi na dama da madara, har yanzu ana jin tsakinsa a baki. In ban samu aisin suga, garin sukarin nan mai laushi na kek, a unguwarmu ba fa?

Anti Mai Cincin:

To ai ga rabin amsar nan, ƙanwata. Sukarin shayi ba ya narkewa duka a ɗan madara mai sanyi, kuma ba zai ƙame yadda kike so ba. Shagunan kayan kek duk suna da aisin suga. Kofi 2, ki tankaɗe, madara babban cokali 3 zuwa 4, fanila ɗigo kaɗan, gishiri ɗan mitsitsi. Ki riƙa zuba madarar cokali-cokali, yana saurin tsinkewa. In kin tsoma cokali ya rufe bayansa amma kina hango ƙarfen dishi-dishi, ya yi. Tsoma fanken gaba da baya, ki ɗora a kan raga ko kwandon ƙarfe da tire a ƙasa, iska ta riƙa shiga ta ko'ina. A faranti gindinsa zai jiƙe. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya ƙame.

In ba ki samu ba, ƙaramin kofin bilenda na niƙan busassun kaya zai yi. Sukari kofi 1 da garin kwanfulawa babban cokali 1, ki niƙa har ya zama gari, ki tankaɗe ki sake niƙa tsakin. Na kanti ma akwai ɗan sitaci a cikinsa, shi ke hana shi dunƙulewa. Ki wanke kofin ki busar da shi sosai, kuma kada ki kai injin unguwa, da ƙamshin barkono da daddawa zai dawo miki.

Akwai hanya ta uku, ta dafa sukari. Kofi 1 da ruwa sulusin kofi, ki tafasa har in kin ɗiga a cokali ya ɗan huce kika taɓa da yatsu biyu yana yin zare. Sai dai kada ki matsa lemun tsami yadda muke yi wa na alkaki da dubulan. A can muna so ya zauna da danshi ya ratsa ciki, shi ya sa ake sa tsami. A nan so muke ya bushe ya yi fari. Ki shafa da sauri, yana hucewa yake sandarewa a tukunya.

Maganar Baban Walid ta dafa tuffa ba laifi, ni dai na fi son in ji ta ɗan garas a baki, shi ya sa nake barinta ɗanya. Ki raba kwaɓin biyu ki gwada duka, 'yan gidanki su zaɓa.

Ranar Juma'ar, ki yanka tuffa ki dafa tun da safe, ki auna busassun kayan ki rufe, amma suyar sai baƙin sun kusa, bayan an sauko masallaci. Ba ya kwana da kyau. Kada ki rufe shi a kula ko leda, gumi zai narkar da sukarin, balle yanzu da damina iska ke da danshi. Ki jera a tire ki yafa ƙyalle mara nauyi. In ya ragu, washegari ki ɗumama a busasshen kasko a wuta kaɗan, a sha da shayi ba sukari.