Muhawara: Occupy da ire-irenta, me suka bari bayan an watse?

Malam Sabo: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Zanga-zangar da ake yi kan tazarar da ke tsakanin masu kuɗi da talakawa hayaniya ce kawai, ƙura ta lafa kowa ya kama gabansa. Ku dubi zanga-zangar Occupy Wall Street a Amurka. Ranar 17 ga Satumban 2011 suka mamaye dandalin Zuccotti a New York, ranar 15 ga Nuwamba 'yan sanda suka kwashe su da tantunansu cikin dare. Ko wata biyu ba su cika ba. A nuna mini doka ɗaya da aka kafa saboda su.

Binta: Malam, da girman kujerarku, ai ba doka kaɗai ake aunawa ba. Su ne suka sa maganar attajirai kashi 1 da sauran jama'a kashi 99 cikin ɗari ta shiga bakin kowa, har Sanata Bernie Sanders ya gina takararsa ta shugaban ƙasa ta 2016 a kanta. A Nuwamban 2012 kuma ma'aikatan gidajen abinci a New York suka shiga yajin neman dala 15 a awa, aka yi musu dariya, amma a 2016 jihohin California da New York suka sa hannu a dokar. Idan kiɗa ya canja, dole rawa ta canja.

Malam Sabo: Binta, kin ɗauki aikin wasu kin ba wasu. Ƙungiyar ƙwadago ta SEIU ce ta zuba kuɗi da ma'aikata a fafutukar dala 15. Occupy kuwa ko shugaba ta ƙi naɗawa, jerin buƙatu ma ta ƙi rubutawa. Sanders sau biyu yana neman tikiti yana faɗuwa. Mafi ƙarancin albashi na tarayyar Amurka yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009.

Auwal: To Malam, Faransa fa? Masu riguna ruwan ɗorawa ma ba su da shugaba. Sun fito ranar 17 ga Nuwamban 2018, kafin Disamba ta ƙare Shugaba Macron ya janye ƙarin harajin mai.

Malam Sabo: Ya janye. Harajin dukiyar attajirai da ya soke fa, wanda suka yi ta ihu a maido? Ya ce ba zai maido ba, kuma bai maido ba.

Hajiya Rabi: Ku bar ni in sa baki, don Chile ce ta fi dacewa da gardamar nan, kuma tana da abin da zai sosa wa kowannenku rai. A Oktoban 2019 aka ƙara peso 30 kan kuɗin jirgin ƙasa na cikin Santiago. 'Yan makaranta suka fara tsallake ƙofar shiga ba tare da biya ba, cikin 'yan kwanaki ƙasa ta ɗau zafi, ana cewa ba peso 30 ba ne, shekara 30 ce. A 2020 kusan kashi 78 cikin ɗari suka amince a rubuta sabon kundin tsarin mulki. A Disamban 2021 aka zaɓi Gabriel Boric, tsohon jagoran ɗalibai, shugaban ƙasa yana da shekara 35. Sai ga shi a Satumban 2022 kusan kashi 62 sun yi watsi da kundin da aka rubuta, na biyu ma ya faɗi a 2023. Kundin 1980 na zamanin mulkin sojan Pinochet shi ke aiki, da gyare-gyarensa.

Malam Sabo: Madalla Hajiya, kin gama mini aiki.

Hajiya Rabi: Tsaya tukuna, Malam, ban sauka ba. A 2023 ɗin nan aka kafa dokar rage awannin aiki daga 45 zuwa 40 a mako, sannu a hankali cikin shekara biyar. Ma'aikacin da zai riƙa tashi aiki da wuri ba zai ce maka hayaniya ce ba. Abin da na lura shi ne fushi ya iya haɗa mutane kan abin da ba sa so. Da zarar an ce a zauna a rubuta abin da ake so, sai kawuna su rabu.

Auwal: Hajiya, ko Girka haka aka yi. Kashi 61 suka ce a'a ga sharuɗɗan masu ba da bashi a ƙuri'ar raba gardama ta Yulin 2015, bayan mako guda Firaminista Tsipras ya amince da wasu masu tsauri.

Binta: Yaya Auwal, wai kai ɓangaren wa kake ne? A Sifaniya dai 'yan dandalin Puerta del Sol na Madrid a 2011 ne suka share wa jam'iyyar Podemos hanya, ta shiga gwamnatin haɗaka a Janairun 2020, a shekarar aka fara biyan tallafin wata-wata ga iyalai mafiya talauci.

Malam Sabo: Kin ga ni? Sai da suka kafa jam'iyya, suka yi rajista, suka nemi ƙuri'a. Ina Podemos ɗin ma take yanzu? Ta tsuke.

Binta: Ta tsuke, amma tallafin ana biya. Kuma ku faɗa mini, Malam, da ba a cika dandalin ba, da su wa za a kafa jam'iyyar?