Ungozomar gwamnati ta riƙa zuwa gida a birni kamar Kano: ta ina ake farawa, wa zai biya?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mata da yawa a cikin Kano suna zuwa awo, amma ranar naƙuda a ɗaki suke haihuwa, sai abu ya rikice a fita neman adaidaita da tsakar dare. Tunda haka ne, me zai hana gwamnati ta ɗauki ungozomomi masu takarda su riƙa bin mata gida? Akwai babban birnin da ya taɓa yin haka? Yaya aka tsara shi, kuma daga wace jaka ake biya?

Malam Na-Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. An yi a Landan. Kafin 1936 yawancin ungozomomin Ingila aikin ƙashin kansu suke yi, abin da mai jego ta iya bayarwa shi ne abincinsu, don haka mai son ta rayu sai ta kwashi mata fiye da ƙarfinta. Dokar ungozomomi ta 1936 ta ɗora wa hukumomin yankuna nauyin samar da isassun ungozomomi masu albashi da za su karɓi haihuwa a gida. Majalisar gundumar Landan ta fara nata aikin a 1938. Ba duka ta ɗauka da kanta ba: wasu ma'aikatanta ne, wasu kuma suna ƙarƙashin asibitocin sa-kai da ƙungiyoyin jinya, majalisa tana biyan waɗannan bisa yarjejeniya. Iyali suna biyan wani abu, ana rage wa marar hali ko a yafe masa, sai a 1948 aka mayar da shi kyauta.

Abin da na fi so a lura da shi ya ma riga wannan doka. Tun 1918, idan ungozoma ta ga matsala ta kira likita, hukuma ce ke biyan likitan. Ke nan ba za ta tsaya tana auna aljihun maigida ba alhali jini na zuba.

Sista Mai Awo:
Malam ya kawo tushe. Bari in shiga ɗakin haihuwar.

Farko tantance wadda za ta iya haihuwa a gida, kuma a wurin awo ake yin hakan. Mai hawan jini, mai ƙarancin jini sosai, wadda aka taɓa yi wa tiyata, mai tagwaye, wadda ɗa ya zo a gicciye ko ta ƙafa, wadda ta taɓa zubar da jini bayan haihuwa, wadda ta yi haihuwa biyar ko fiye, yarinya ƙarama mai cikin fari, duk asibiti. A nan aikin ya fi wuya, domin mai haihuwa ta takwas ita ce ta fi cewa ta saba, kuma mahaifarta ce ta fi saurin sakewa ta ƙi tsukewa.

Jaka kuwa dole a samu: allurar oksitosin ta hana zubar jini, yunit 10, da ake yi a cinya da zarar ɗa ya faɗo, misoprostol ƙwaya uku masu maikrogiram 200 in babu allurar, magnesium sulphate na jijjiga (giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan a wuce asibiti), ledar ƙarin ruwa biyu da allurar jijiya mai faɗin baki, abin awon jini, abin sauraron bugun zuciyar ɗa, jakar hura wa jariri iska, safar hannu, matsin cibiya, man chlorhexidine na cibiya, fitila mai caji. Oksitosin yana son sanyi, digiri 2 zuwa 8. In ya yi makonni a jaka cikin zafin Afrilu, ƙarfinsa ya ragu, a yi allura jini bai tsaya ba a ce ƙaddara. Saboda haka kowace ƙungiyar ungozomomi sai ta jingina da asibitin unguwa mai firjin sola.

Ga lissafin hannu. A ɗauka mazaɓa tana da mutum 50,000, ana haihuwa 40 cikin kowane dubu: 2,000 ke nan a shekara. Ko rabi ne suka dace da gida, 1,000. Ungozomar da za ta yi awo, ta kwana kan naƙuda, ta koma duba mai jego a rana ta farko, ta uku, mako na biyu da mako na shida, a ganina kada ta wuce mata 60 a shekara. Wajen ungozoma 17 ke nan a mazaɓa ɗaya, kuma ba a zuwa haihuwa mutum ɗaya, domin uwa da ɗa suna iya rikicewa lokaci guda. Shi ya sa ba na goyon bayan a buɗe a ƙananan hukumomi takwas na birni rana ɗaya. A fara da mazaɓu biyu ko uku da ke kusa da asibiti mai tiyata da bankin jini, irin Murtala.

Baban Khalifa:
Kan kuɗi, muna da darasi a gida. Shirin ungozomomi na tarayya da aka fara a 2009 ya tura huɗu-huɗu zuwa ƙananan asibitoci, aka raba alawus gida uku: tarayya naira 30,000, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da masauki. A wurare da dama kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa ba, ungozomomi suka yi ta barin aiki. Don haka ya kamata albashi ya fito daga jaka ɗaya, a cikin kasafin hukumar lafiya matakin farko ta jiha, da gurbin aiki na dindindin da fansho.

Asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, yana iya ɗaukar magani da kayan jaka da inshorar marasa ƙarfi, amma bai kai ya riƙe albashi ba. Kuɗin masu ba da tallafi kuma a sa shi a horo da firji, abin da in sun tafi aiki ba zai tsaya ba. Layin da aka fi mantawa a kasafi: man mota, katin waya, alawus ɗin dare, da mai riƙon ƙwarya idan wata ta tafi hutun haihuwa.

Maman Ilham:
Allah Ya saka da alheri. To ungozomomin gargajiya fa? Kuma lungunan cikin gari da mota ba ta shiga?

Sista Mai Awo:
Hajiya, kada a kore su, su ake fara kira kuma su suka san mai ciki tun cikin bai fito ba. A ba su lada kan kowace mace da suka kawo awo da kowace naƙuda da suka sanar da wuri, su ci gaba da wankan jariri da kula da mai jego, allura dai ba tasu ba ce. Lungu kuwa tun wata na takwas ungozoma za ta je ta ga gidan: inda mota za ta tsaya, taku nawa zuwa ƙofa, wane direba ne zai ɗaga waya da ƙarfe biyun dare, wa zai ba da jini. Izinin maigida na a tafi asibiti ma a karɓe shi a ranar, a rubuta a katin awo, domin zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu, kuma sau da yawa a lokacin shi yana kasuwa ko ya yi tafiya.