Neman shawara: kantar katako mai sauƙin kuɗi ta jera akwatunan jita

Nura Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jita huɗu gare mu a ɗaki, biyu na katako, ɗaya ta lantarki, sai bes, wato jita mai kaurin sauti, ta ƙanina. Duk suna cikin akwatunansu, na jibge su ɗaya kan ɗaya a bayan ƙofa. Jiya na zaro na ƙasan, sai na ga murfin ya lotsa, maɓallin ma ya daina kamawa. Wallahi abin ya taɓa ni, don da alawus ɗin bautar ƙasa na saye ta. Na ga kantoci 'yan waje a intanet, amma kuɗin kawowa kaɗai ya fi ƙarfina. A taimaka da shawara.

Yohanna Sabon Gari: Wa alaikumus salam Nura. Kafin komai, yau ɗin nan ka sauke su ka tsayar da su, wuya a sama, kamar yadda ake jera littattafai. Ba a yi akwatin jita don ya ɗauki nauyin wani ba. Mu a coci kafinta ne ya haɗa mana tamu, shekara da shekaru tana nan daram. Ka manta da 'yar waje.

Sadiƙ Hotoro: Ni da za ka ji tawa, ka je wajen mai walda. Ƙarfe gara ba ta cinsa.

Nura Gwammaja: Na yi tunanin haka Sadiƙ, amma gefen ƙarfe yana yage fatar akwati, ga tsatsa da damina. Malam Habu, kuna kusa? Wannan fagenku ne.

Malam Habu Kafinta: Ina jin ku Nura. Aikin ba shi da yawa, yini ɗaya ya isa. Amma ka fara da awo, kuma akwatin za ka auna, ba jitar ba. Akwatin babbar jitar katako kaurinsa kamar inci 6 ne, to ka ba shi gurbin inci 7. Na lantarki da na bes sun fi siranta, inci 5 ya ishe su. Ka ga naka huɗun inci 24 ke nan, ka ƙara na sandunan da za su raba tsakani, ka tsaya a 30. A ƙasa sanduna biyu ne a kwance da gindin akwati zai zauna a kai, a baya sanda ɗaya da zai jingina, tsayinta kamar inci 30 daga ƙasa. Zurfin ƙafafun ya kai inci 20, don akwatin bes dogo ne, in ƙafa ta yi gajarta zai rinjayi kantar. Tu-bai-tu, wato sandar katako mai kauri inci biyu da faɗi inci biyu, guda 3 masu ƙafa 12 sun isa har da ragowa. A ɗaure da sukuru da gam, ƙusa kaɗai tana saki in katako ya bushe.

Nura Gwammaja: Allah Ya saka da alheri Malam. Wane katako zan ce a ba ni?

Malam Habu Kafinta: Afara ta fi arha, ba nauyi, tana da daɗin aiki, sai dai gara da ƙwaro suna sonta. Loko gara ba ta kusantarsa, amma kuɗinsa ya wuce wannan aikin. Maɗaci yana da kyau in aljihu ya yarda. Ni dai malaina nake ba mutane a irin wannan, tsaka-tsaki ce. Sharaɗin ɗaya ne, ta bushe. Yawancin katakon nan daga kudu ake kawo shi da ruwansa a jiki. In ka haɗa shi ɗanye, hunturu na shigowa zai murɗe, ka ga ƙafa ɗaya ta ɗaga. Idan ka je 'Yan Katako ta Na'ibawa, ɗaga sandar ka ji nauyinta, ka ɗora tafin hannu. Mai nauyi da sanyi ɗanya ce. Ka kuma kanne ido ɗaya ka hango tsawonta, in ta yi baka ka ajiye musu.

Maman Ilham: Don Allah Nura kar ka yarda a yi maka da MDF, allon nan da ake matsawa daga garin katako. Na sa an yi wa ɗana da shi don ya fi sheƙi, damina ɗaya ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa cikin watan Agusta, gindin ya kumbura yana marmashewa kamar biskit. Akwatin ma sai da ya jiƙe. Yanzu wadda aka sake masa na sa an ɗaga ta inci 4 daga ƙasa, tsintsiya na shiga, kuma in gara ta fara gini ina gani.

Sadiƙ Hotoro: To ya shafe ta da baƙin mai mana, maganin gara ke nan.

Malam Habu Kafinta: A'a Sadiƙ, wannan na katakon rufi ne. A ɗaki zai yi wari, ya ɓata akwati, warin ya shige cikin jitar. A shafa maganin gara marar launi, a bar shi ya sha iska kwana biyu a inuwa, sannan a yi fenti.

Baba Ɗanladi: 'Ya'yana, duk kun yi magana mai kyau, amma ku bar ni in ƙara abin da na gani da idona. Na fi shekara talatin ina kaɗa jita a garin nan, kuma ba kanta ce ta fi kashe jita a Kano ba, hunturu ne. Masu ƙera ta suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu nan daga Disamba zuwa Maris takan sauka ƙasa da 20. Wata safiya na buɗe akwati na tarar da fuskar jitata ta tsage daga gada, inda ake ɗaure tsirkiyoyi, har gindi, siririn layi kamar gashi, ba wanda ya taɓa ta. Na daɗe zaune ina kallonta. Alamar farko ita ce ka shafa gefen wuyan ka ji bakin ƙarafan da ke jere a kansa yana kartar yatsa, katako ya tsuke ke nan. Nura, ka sami gidan sabulu mai rufi, ka huda shi, ka jiƙa soso ka matse har ya daina ɗiga, ka sa a ciki, ka ajiye a cikin akwatin, ta wajen ƙarshen wuyan jitar. Duk kwana uku ka duba. Damina ta zo ka cire, in ba haka ba fumfuna ce. Kantar kuma kar ta jingina da bangon da rana ke duka da la'asar, kar ta zauna ƙarƙashin taga.

Nura Gwammaja: Baba, wallahi na katakon guda ɗaya tana kartar yatsa tun makon jiya, ban san dalili ba. Bangon yamma kuwa nan na yi niyyar sa ta. Na fasa.

Yohanna Sabon Gari: Ka naɗe sandunan da guntun kafet. Kar ka sa robar tayar keke, ranar da ka jingina jita ba akwati, roba tana cin fentin wasu jitocin.

Sadiƙ Hotoro: Malam Habu, in na kawo garayata a fitar mata da gurbi a gefe, zai yiwu? Ita ba akwati gare ta ba.

Malam Habu Kafinta: Zai yiwu, maratayi za a yi mata a jikin sandar gefe, ƙoƙon ya daina taɓa ƙasa. Nura, ranar Asabar bayan azahar zan shiga Na'ibawa sayen kayan wani aiki. Ka zo da awon a takarda mu zaɓi katakon tare, ka taho da akwatin bes ɗin in za ka iya.

Nura Gwammaja: In sha Allah Malam, zan ɗauko adaidaita in taho da shi. Baba, yanzu zan fita sayen gidan sabulu guda biyu.