Inna ba ta magana, amma tana waƙa

'Yar Mabera

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni, amma sai kun yi haƙuri na ba ku labari tukuna.

Wata takwas ke nan da Innarmu ta faɗi bakin murhu tana cikin tuƙin tuwo. Hawan jini ne, ta daɗe da shi, tana shan magani tana bari. Da munka kai ta asibiti anka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya saki, ƙafar dama sai ja, magana kuma ta ɗauke. Matar da in ta fara ba ka labarin biki bayan azahar sai kiran la'asar ya raba ku, yau kalma guda ta rage mata: "to". In tana son ruwa, "to". In wuri na mata ciwo, "to". Tana gane duk abin da ake faɗi, idonta na nunawa. Sai ta buɗe baki, abin ya ƙi fitowa, ta juya fuska ga bango. Ni ke kwana ɗakinta, don haka na san yawan daren da ta yi tana kuka ba murya.

Cikin watan Maulidi, wata rana da hantsi, 'yan Islamiyyar unguwarmu sunka biyo ta ƙofar gida suna zagaye suna bege. Ina zaune ina shafa mata mai ga hannun nan da ya saki, sai na ji murya na amshi kusa da ni. Na ɗauka rediyon maƙwabta ne. Ashe Inna ce. Baiti guda cur ta kawo, kalma na bin kalma, ba gargada. Na riƙe kafaɗunta na ce, "Inna, kin yi magana! Kira sunana!" Ta dube ni, ta yi ta ƙoƙari, ta ce "to".

Tun ran nan nake gwadawa. Akwai waƙoƙin wa'azi da ta koya hannun kakarta, wadda ke cikin 'yan taru, matan nan masu neman karatun addini da ke zuwa Hubbaren Shehu daga ƙauye. In na ɗauko farkon baiti, ita ke ƙarasawa, har ta gyara mani inda na ɓata. Waƙar daka haka, waƙar raino haka. Fatiha ma in na ja ta da ƙira'a tana bi na har ƙarshe, in na karanta ta kamar magana sai ta tsaya. Ranar da munka yi waƙa takan ci abinci sosai, ta yi barci. Ni ma wani dutse da ke bisa ƙirjina sai in ji ya ɗan ɗaga.

Ga inda matsalar take. Yayanmu babba ya ce ba Inna ba ce, iska ce ke amfani da bakinta, in ba haka ba mi zai sa mai waƙa ta kasa cewa "ruwa"? Ya ce in bari, zai kawo mai ruƙya. Wata goggonmu kuma ta ce tun da kiɗa da waƙa ke tada ita, a kai ta wurin masu garaya. Don Allah wanda ya sani ya gaya mani: mi ke faruwa da Inna? In ci gaba ko in bari? Akwai laifi ga abin da nake yi?

Ma'aikacin jinya

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, abin da kika gani sananne ne a asibiti, na sha ganinsa a ɗakin masu shanyewar jiki.

Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma kowane ɓari yana juya kishiyar ɓangarensa na jiki. Tunda hannun dama ne ya saki, ciwon yana ɓarin hagu, kuma a wurin yawancin mutane can ne ake harhaɗa magana. A 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci a birnin Faris wanda ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai "tan". Bayan rasuwarsa aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka samu lahanin a gaban ɓarin hagu. "To" ɗin Inna da "tan" ɗin mutumin nan abu ɗaya ne.

Waƙa kuwa ba wuri ɗaya take bi ba, tana aiki da ɓarin biyu, kuma abin da mutum ya haddace tun yarinta yana fitowa a dunƙule, ba sai ya tsaya neman kalma ba. Kamar babban titi ne ruwa ya cinye, amma tsohuwar hanyar ƙafa tana nan. Shi ya sa za ta kawo baiti ta kasa kiran sunanki: baitin ajiyayye ne, sunanki kuwa sai ta nemo shi ta babban titin.

A 1973 wasu masu bincike a birnin Boston na Amurka suka mai da wannan hanyar koyar da magana. Za ki iya gwada sauƙaƙƙenta a gida. Ki ɗauki gajeriyar magana da take buƙata kullum, kamar "ina son ruwa". Ki rera ta a hankali, murya na hawa tana sauka, kina ɗan buga hannunta na hagu sau ɗaya a kan kowace gaɓa. Ku yi tare, sannan ki riƙa janye muryarki ki bar ta. Mu Hausawa ma abin ya zo mana da sauƙi, don maganarmu da karin sautinta take tafe, abin da ya sa kalangu ke magana a gane ke nan. Ki bi hawa da saukar da ke cikin kalmar, ki ja su kawai. Minti goma ko goma sha biyar ya isa, in ta gaji ki tsaya.

Ba zan yi miki alkawarin maganarta za ta dawo kamar da ba. Wasu suna samun kalmomi da yawa, wasu kaɗan. Abin da zan roƙe ki shi ne kada waƙa ko ruƙya ko wani abu ya sa a saki maganin hawan jini, don shanyewar jiki karo na biyu ita muke tsoro. A ci gaba da gashin ƙashi, kuma ki gaya wa likitanta abin da kika gani.

Tsohon Kanwuri

Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Jinyar uwa ba ƙaramin rabo ba ne.

Bayanin likitanci na bar ma masu shi. Abin da ni sani shi ne murya mai daɗi ba baƙuwa ba ce ga addininmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya saurari karatun Abu Musal Ash'ari, yac ce an ba shi rabo daga muryar iyalan Annabi Dawuda. Ya sa Abdullahi ɗan Mas'udu shi karanta mishi Alƙur'ani, don shina son shi ji daga bakin waninshi. Da yak kai aya ta 41 cikin Suratun Nisa'i, sai ga idanun Ma'aiki na zubar da hawaye. Ki duba, shi anka saukar ma littafin, amma ji da kunne yas sa shi kuka. Kuma Allah ya ce da ambatonshi zukata ke natsuwa, Suratur Ra'adi, aya ta 28.

Waƙoƙin da Innarki ke yi kuma kin san asalinsu. Shehu Usmanu da kanshi ya yi wa'azi cikin waƙa. Ɗiyatai Nana Asma'u, wadda ke kwance nan Hubbare kusa da shi, ita ta kafa 'yan taru: tana naɗa ma jaji, wato jagorar matan, malfa, ta ba ta karatu cikin waƙa, jaji ta kai ma matan ƙauye. Don mi sunka zaɓi waƙa? Don sun san mace na iya mance abin da anka gaya mata zaure, amma abin da ta rera bakin turmi shina nan har tsufa. Yau ga shi ciwo ya ɗauke ma Innarki magana bai iya ɗauke wanga ba. Ni in anka tambaye ni, wagga ni'ima ce a gode ma Allah. Iskar da ke begen Annabi tana karanta Fatiha, ban san ta ba.

Ruƙya ba laifi, Alƙur'ani waraka ne. Sai dai ke da yayanki kun isa ku yi mata: Fatiha, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, a tofa a shafa, murya ƙasa. Kada ku yarda a kawo mai yi mata tsawa cikin kunne ko duka da sunan fitar da aljani. Tsohuwa ce marar lafiya. Zancen garaya kuwa ki ba goggonki haƙuri cikin ladabi, wanga hanya ta bori tun zamanin Shehu anka hana ta. Malamai sun yi saɓani kan kayan kiɗa, kowa da hujjatai, amma ke murya ce kawai da kalmomi masu tsarki.

Yayanki tsoro ne gare shi, kada ki yi gardama da shi. Ki ce shi zo shi zauna shi ji da kunnenshi.

Ɗan Arkilla

Anti, akwai wasu sautuka a YouTube da ake cewa suna gyara ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, na awa uku har na awa takwas. Ki sa mata abin kunne ta kwana da su.

Ma'aikacin jinya

Ƙanena, niyyarka mai kyau ce, amma babu hujjar likitanci cewa wani sauti na musamman yana gyara jijiya. Abin kunne duk dare kuma zai iya cutar da jinta. Abin da ke taimakon Inna shi ne waƙar da ta sani, da bakinta yana motsi, da mutum a gabanta yana amsa mata.

Maman 'yan biyu

Ƙanwata, na karanta saƙonki sai da na aje waya na share ido.

Ni ba jinya na yi ba, takaba na yi, shekara shida ke nan. Bayan addu'ar bakwai baƙi sunka watse, gida ya yi tsit. Wallahi shirun nan ya fi komi ciwo. Mutane na ta ba ni haƙuri, magana ba ta shiga. Abin da ya fara shiga shi ne dakan maƙwabtana. Kullum da la'asar mata biyu na lugude bayan katangarmu, taɓarya na amsa ma taɓarya, sai in jingina da bango in ji numfashina na bin su. Sai kuma kiran assalatu. Akwai wani ladan can nesa mai tsohuwar murya, ban taɓa ganin shi ba, in ya fara sai in san na ƙetare wani dare.

Abin da ya sa na sa baki shi ne in ja kunnenki kan abu guda. Waƙa na buɗe ƙofa, amma ba ke ke zaɓen abin da ke bayanta ba. Akwai wata waƙar noma da maigidana ke so, har yau in na ji ta cikin kasuwa sai na nemi wurin zama. Don haka ki riƙa duban fuskar Inna. In kuka ne mai sauƙi, irin wanda ake ajiyar zuciya bayanshi, ki bar ta ta yi, ta daɗe tana haɗiye shi. In kin ga tana firgita ko tana kau da kai, ki sauya wata. Kuma kada ki mai da abin jarrabawa, kowa ya zo gaisuwa a ce "Inna yi musu waƙa su ji". Ba abin kallo ba ce.

Ke kuma wa ke karɓar ki? Wata takwas kina kwana ɗakin. Ki ce ma 'yan'uwanki a raba kwanan.

'Yar Mabera

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi shawararka. Yaya ya zo ran Juma'a bayan an sauko masallaci, na ce ya shigo ya zauna, ban ce mishi komi ba. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanshi ba saboda kunya, ko hira ba su cika yi ba. Na ɗauko wata waƙar raino da na sha jin tana yi ma jikoki, ita ta ƙaga abinta. Sai ta karɓe. Inda takan sa sunan jika, ta sa laƙabin da kakarmu ke kiran Yaya da shi, tana kallon shi. Ashe tun asali tashi ce. Ya tashi ya fita zaure, ya daɗe can. Da ya dawo shi ya yi mata tofi da kanshi, kuma bai sake tada zancen iska ba.

Anti, kin yi gaskiya, jiya wata waƙar biki ta sa ta kau da kai, na bar ta. Ƙanwata za ta riƙa kwana biyu cikin mako.

Malam mai jinya, mun kwana biyar muna "ina son ruwa". Tana kaiwa "ina son", sai ta tsaya. Sai dai ba ta son in riƙe mata hannun hagu, janyewa take, ina jin don shi kaɗai ya rage mata. In na kifa ƙwarya bisa cinyarta ta riƙa bugawa da kanta, zai yi?