Tambaya: Koyon ilimin zamantakewa ta talabijin, shin kallon darussa kaɗai ya wadatar?

Hauwa'u, Rikkos, Jos

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma saboda aikin dare da ke juyo mana lokaci-lokaci na zaɓi yin karatu daga gida. A wannan zangon an ɗora mana kwas ɗin gabatarwa ga ilimin zamantakewa, wanda yawancin darussansa laccoci ne da aka naɗa domin talabijin, sai littafin kwas guda. Ina fahimtar malamin sarai a lokacin da yake magana, amma da na kashe akwatin sai in tarar ba zan iya maimaita abin da ya faɗa da bakina ba, balle in rubuta shi a jarrabawa. Bugu da ƙari, wasu shirye-shiryen a Amurka aka yi su, misalansu duka na can ne. Shin akwai wanda ya taɓa yin wannan fanni ta irin wannan hanya, ya kuma amfana?

Malam Garba, Bukuru

Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kike fuskanta ya girmi shekarunki. Jami'ar karatu daga gida ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, ta fara watsa darussanta ta BBC a 1971, amma ko a wancan lokaci ba ta bar ɗalibi da talabijin shi kaɗai ba, domin akwai littattafan da ake aika masa ta gidan waya da malamin da ke duba aikinsa yana mayar masa da gyara. Tamu ta Najeriya ma, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 zamanin Obasanjo, ba a banza ta buɗe cibiyoyin karatu a jihohi ba. Talabijin na iya nuna miki abu, amma ba zai tsaya ya tambaye ki ko kin gane ba.

Shawarata ita ce duk ra'in da aka koya miki, wato bayanin masana kan yadda al'umma ke tafiya, ki ɗora shi a kan wani abu da kika sani tun kina yarinya kafin ki wuce gaba. Ɗauki lefe misali, tunda yawancin kwasa-kwasan gabatarwa suna farawa ne da manyan mahanga uku. Mai bin tafarkin Emile Durkheim zai tambayi wane aiki lefe yake yi wa al'umma, sai ya ce yana ƙulla dangi biyu, yana shaida wa jama'a cewa auren nan ba na ɓoye ba ne, yana kuma ba amarya abin da za ta fara zama da shi. Mai bin Karl Marx zai ce a dakata, a duba wa ke iya cika akwatunan kuma wa ke cin bashi ko fasa auren saboda su, da kuma wanda ke cin ribar atamfa da leshi. Na uku, wanda ya gaji George Herbert Mead, ba ruwansa da wannan gardama. Shi zai zauna ne a tsakar gida ranar da ake buɗe kayan, ya saurari abin da gwaggwanni ke faɗa, ya lura da yadda yawan akwatuna ke zama magana a kan darajar yarinya da mutuncin gidan ango. Idan kika iya yin haka da lefe, za ki iya yi da adashi, da makarantar allo, da layin marasa lafiya a asibitinku.

Sani, Jabi, Abuja

Ina goyon bayan Baba Malam, sai dai zan ƙara wani ɓangare da ɗalibi ba zai so ya yi wasa da shi ba. Na yi wannan kwas a shekarar farko ta digirin nazarin laifuka da tsaro, kuma a matakin farko jarrabawa ba ta cika tambayar ra'ayinki ba. Sunaye take nema da ma'anoni: wa ya raɗa wa fannin suna, wato Auguste Comte na Faransa, mene ne bambancin rukunin farko kamar iyali da rukuni na biyu kamar wurin aiki, me Max Weber ya ce game da tsarin aikin ofis da nau'o'in iko uku, wato na gargajiya da na kwarjini da na doka. Waɗannan sai an zauna an haddace su.

Saboda haka, Yaya Hauwa'u, ki karanta babin da ke littafin kafin ki kunna bidiyon, ba bayan kin kalla ba. Ki riƙa tsayar da shi duk lokacin da malamin ya gama batu ɗaya, ki rubuta abin da ya ce da Hausa a jimla biyu, sannan ki mayar da shi Turanci ba tare da kin leƙa littafi ba. Inda kika kasa, to nan ne ba ki gane ba. Kada kuma ki raina aikin jinga, domin a tsarin da na bi kashi 30 cikin ɗari na maki daga nan yake fitowa, jarrabawa kuma 70.

Hajiya Rabi, Naraguta, Jos

Ni maganar misalan Amurka ce ta tsaya mini. Ƙorafinki yana kan hanya, amma kada ya sa ki ɗauka cewa fannin baƙo ne a wurinmu. Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, inda ya yi bayanin yadda haɗin kan dangi da ƙabila ke kafa daula, da yadda jin daɗin birni ke sassauta wannan haɗin kai har wasu su zo daga ƙauye su karɓe mulki. Ƙarni huɗu da wani abu ke nan kafin a haifi Comte.

Sannan garin da kike zaune shi kansa littafi ne a buɗe. Haƙar kuza ce ta tara Hausawa da Ibo da Yarabawa da Turawa a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere tun farkon ƙarni na 20, har wani masani Ba'amurke, Leonard Plotnicov, ya zauna a nan ya wallafa nazarinsa a kan baƙin birnin Jos a 1967. Idan shirin talabijin ya nuna miki yadda baƙar fata da farar fata ke zaune a unguwanni daban-daban a Chicago, ki tambayi kanki yadda unguwannin Jos suka rarrabu bayan rikicin 2001, wa ya tashi daga ina ya koma ina, da abin da hakan ya yi wa haya da kasuwanni da makarantun da yara ke zuwa. Dalilan ba iri ɗaya ba ne, kuma gano inda suka bambanta shi ne ainihin aikin da ake so ki iya.

A nan ne kuma karatu ta akwati ke da rauni. A aji, idan ɗalibi ya ce mutanen wata unguwa haka halinsu yake, nan take wani zai ce masa ina hujjarka, mutum nawa ka tambaya, kuma ta yaya ka zaɓe su. A ɗakinki babu mai yi miki wannan. Durkheim da ya yi nazarin mutanen da ke kashe kansu a 1897 bai dogara da abin da ake faɗa a gari ba. Alƙaluman ƙasashen Turai ya tattara ya kwatanta, ya nuna cewa abin ya fi yawa a tsakanin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, da kuma tsakanin marasa aure fiye da masu iyali, ya danganta hakan da ƙarfin alaƙar mutum da jama'arsa. Ki nemi abokan karatu biyu ko uku, zai fi kyau idan ba addininku ɗaya ko unguwarku ɗaya ba, ku riƙa haɗuwa ko da ta WhatsApp ne bayan kowane darasi.

Hauwa'u, Rikkos, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai abokiyar aikina daga Tudun Wada da muke kwas ɗin tare, zan yi mata maganar haɗuwar. Malam Sani, idan har yanzu kana da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na wannan kwas, don Allah ka taimaka mini da su kafin ƙarshen wata.