Kafin ka bari a sauke maka giyabos

Ranar Asabar mun zauna a wani gareji kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, hira ta kai mu kan motar otomatik da giya ke ƙin shiga. Bakin makanikai da masu wayarin ya zo ɗaya: kada a fara da sauke giyabos.

Batir aka ce a fara aunawa. Mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 idan mota na kashe. In ya yi rauni, kwamfutar giya kan rikice. Idan kuwa sandar giya ta maƙale a P, wato wurin fakin, a taka birki a duba fitilar baya. In ba ta kama ba, sau da yawa makunnin birki ne ko fiyus, gyaran kuɗi kaɗan.

Inda aka fi daɗewa shi ne motar da ke tsayawa a giya ɗaya ta ƙi canzawa. Wani dattijon makaniki ya ce: "Ɗana, motar kare kanta take yi, kai ta a sa mata na'ura." Na'urar binciken kan fitar da lambar matsala: P0700 tana nuna matsalar daga ɓangaren giya take, P0715 sensar gudu, P0750 kuma solonoid, wato bawul ɗin lantarki mai sarrafa man giya. Amma a duba soket da waya tukuna, don ƙurar hunturu da ɓera suna ɓarna.

Ni abin da ya fi damuna shi ne man giya. Mutane na zuba duk wanda suka samu, alhali Toyota mai buƙatar man da ake kira WS daban, Honda mai DW-1 daban, CVT (giyar otomatik marar matakai) kuma da nata man. In ya yi baƙi yana ƙauri, a daina tuƙa motar.