Taƙaitawa: izinin riƙe bindiga a garuruwan jihar Tawa

Jama'a, ga abin da na tsinta daga muhawarar da aka yi kan ko dokar izinin riƙe bindiga ta bambanta daga gari zuwa gari:

1. Kowa ya yarda doka ɗaya ce a Nijar, izini daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. Aikatawa ce ta bambanta.
2. Tilliya da Tasara, inda aka sa dokar ta-ɓaci a 2017, jandarma ba sa ɗaga ƙafa.
3. An rabu kan adaka, wato bindigar gargajiya ta maharba. Wasu sun ce a ƙauye mai gari ya san mai ita, shi ke nan. Wasu suka ce sanin mai gari ba takarda ba ne, a shingen jami'an tsaro za a karɓe ta. Ni ina bayan waɗannan na biyun.
4. Takardar farauta daban take, wurin 'yan gandun daji.